Takardar da ke Rataye a Shagon Yaya

A asibiti Dakta ake ce masa, a jami'a ma Dakta, amma a gidansu har gobe Auta ne, duk da furfura ta cinye masa rabin gemu. Likitan mafitsara ne, a cikin mafitsarar ma wani ɗan lungu ya zaɓa ya tare. Akwai wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsarar namiji, likitoci na kiranta furostet. Ba ta fi ɗan lemon tsami girma ba, kuma ba ta damun kowa sai shekaru sun ja. Daga nan ne take kumbura ta matse hanyar fitsari, wani lokaci ma ta rikiɗe ta koma ciwon daji. A kan wannan 'yar aba Dakta ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Idan aka tambaye shi aikinsa a cikin taro, cewa yake yi shi likita ne, ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya gaji da yadda dattawa ke gyara zama suna kallon rufi da zarar ya fara bayani.

To, amma ba asibitin ne ke cin ransa ba, rubutu ne. A jami'a babu wanda zai tambaye ka tsofaffi nawa ka buɗe wa hanya suka koma gida suna sa maka albarka. Abin da ake tambaya shi ne maƙala nawa ka buga a mujallun likitoci, sannan masu bincike nawa ne suka kafa hujja da su a nasu rubutun. Da wannan na biyun ake ƙarin girma. Har wani shafi aka yi a intanet da ba shi da aiki sai ƙirga wa kowa nasa, kuma Dakta na buɗe shi kullum da safe tun kafin shayinsa ya huce. Matarsa malamar makaranta ce mai bakin tsiya. Takan leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Yau kasuwar ta tashi ko ta faɗi?" Shi kuwa ba ya dariya. Waɗanda suka fara aiki tare duk sun zama farfesoshi, shi yana nan a Dakta kamar an kafa shi da ƙusa.

Abin haushin ma ba ƙarancin ambaton ba ne kaɗai, a ina ambaton ya taru. Duk cikin maƙalunsa, wadda duniya ta sani ita ce ta farko, wadda ya yi yana saurayi don kawai ya gama karatu. Malaminsa ne ya miƙa masa wani ganye da ke fitowa a bayan gidaje, ya ce ya jiƙa ya ɗura wa ɓerayen ɗakin gwaji ya ga abin da zai faru. Ya ɗura. Kumburin wasu ya ɗan ragu, na wasu ko gezau. Ya rubuta abin da ya gani tsakani da Allah, a shafin ƙarshe kuma ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba a gwada a jikin mutum ba, kada kowa ya sha. Wannan maƙalar ɓerayen ce ɗaruruwan mutane suka kafa hujja da ita, kuma Dakta zai iya rantsuwa yawancinsu ba su wuce kanun ba.

Aikin da ya zubar wa gumi kuwa, wanda ya yi shekaru yana zama da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, yana lallashinsu su gaya masa dalilin da ya sa ba sa zuwa asibiti sai abu ya lalace, waɗanda suka ambace shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A cikinsu ma biyu shi ne da kansa.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa shakkar girman Dakta ba, shi ne Yayansa. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, sai Yaya ya ajiye boko ya hau keken ɗinki, kuma bai sauka ba har yau. A ƙarƙashin teburin yanka na shagon nan Auta ya koyi karatu, yana zaune a kan tarin ƙyallaye, ƙarar keke na kansa. Ranar da maƙalar farko ta fito, ya kawo wa Yaya da murnarsa. Yaya ba ya karanta Turanci, amma ya gane sunan ubansu a sama. Ya cire shafin farko ya kai aka sa masa a firam mai gilashi, ya rataya a bango daidai saman keke, tsakanin agogo da kalanda. Sauran shafukan babu wanda ya san inda suka shiga.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya biya harajin kunne. Tef na wuyanka, hannuwanka a buɗe, ba ka da damar gudu, Yaya zai nuna bango da haɓa ya ce, "Ka ga wancan? Ƙanena ne. Shi ya gano maganin ciwon mafitsara." Sau ɗaya Dakta ya taɓa cewa, "Yaya, ai ba magani ba ne, gwaji ne." Yaya ya ce, "Kai dai ka cika ƙanƙan da kai." Dakta ya bar maganar. Wa zai tsaya gardama da mai yabonsa, balle wanda ya ɗinka masa kayan makaranta tun daga aji ɗaya?

Ana nan, wata rana da la'asar cunkoso ya riƙe Dakta a bakin kasuwa. Zafi ya ishe shi, ya sauke gilashin mota, sai ya ji sunansa. Ba a kusa ba, daga sama, cikakke har da na mahaifinsa da sunan asibitin da yake aiki. Wata tsohuwar mota ce a gefen titi da lasifika ɗaure a kanta, bayanta a buɗe, an jera kwalabe cike da wani ruwa kore shar.

"Ina dattijon da fitsari ke masa gardama? Ina mai tsayuwa kamar an dasa shi? Ba ni na faɗa ba, babban likita ne ya bincika ya tabbatar! Ga takarda, gani ya kori ji!"

Dakta bai san lokacin da ya ajiye mota ya keta taron ba. Mai maganin wani ƙaƙƙarfa ne mai fara'a, yana ɗaga takarda da aka lulluɓe da leda. Shafin farko ne na maƙalar ɓeraye.

"Malam, kashe wannan abin," in ji Dakta. "Wa ya ba ka izinin kiran sunana?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyansa, sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Maimakon ya kashe lasifikar, sai ya ƙara mata murya.

"Jama'a! Ku matso! Ga likitan da kansa ya zo duba aiki!"

Wayyo! Dakta yana ɗaga hannu yana cewa ƙarya ne, ɓeraye aka ba wa, amma muryar mutum ina ita ina lasifika? Abin da mutane suka gani shi ne likita tsaye kusa da kwalabe yana ɗaga hannu. Wani ya kama hannun ya girgiza, wani ya ɗauki hoto, wani tsoho ya yi masa addu'a har da hawaye. Kafin ya samu ya kuɓuta ya koma mota, rabin kwalaben sun ƙare. Ya je kashe wuta ya ɓuge da yi mata fifita.

Da ya ba matarsa labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki. "To ba ambato kake nema ba? Ga shi nan har da amsa-kuwwa." Shi kam ranar ko abinci bai ci ba. Tambaya ɗaya ce ke cinsa: wane mara mutunci ne ya kai wa mutumin nan takardar? Ya zargi ɗalibansa. Ya zargi wani abokin aiki da suka taɓa saɓawa a kan ofis, har ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Ya rubuta ƙorafi ya kai inda ya dace, aka ce za a duba, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Ana wata ga wata. Ranar hutu da hantsi sai ga matar Yaya ta zo gidan. Ta gaisa, ta tambayi yara, ta yaba labule, ta yi maganar tsadar kaya, ta kewaya ta kewaya, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Auta, Yayanka fa ba shi da lafiya, kuma ya ce in na faɗa bai yafe ba."

Ashe an daɗe ana fama. Yaya ba ya iya gama hannun riga ɗaya bai tashi ya zaga baya ba. In ya shiga sai ya daɗe, ya fito yana gumi, ya zauna, can kuma ya sake tashi. Masu kawo ɗinki sun fara guna-guni. Kwanan nan ma ta ga alamar jini.

"Me ya sa bai zo wurina ba?"

"Na ce ya zo. Sai ya ce me zai je yi, ai maganinka yake sha. Kwalaben suna nan jere a ƙarƙashin teburin yanka."

Dakta ya san wannan labarin, shi ya rubuta shi, kuma ya san ƙarshensa: hanya ta toshe gaba ɗaya, ko ƙoda ta gaji, ko kuma a buɗe a tarar abin ya riga ya bazu. Ya ga tsofaffi da yawa an kawo su ranga-ranga, 'ya'yansu na cewa ai ana ta magani a gida. Bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana da sunansa za a yi maganin gidan ba.

Ya tarar da Yaya shi kaɗai a shago, tabarau a ƙarshen hanci, yana kafa aljihu. Ya rame, kuma yana zaune a gefen kujera kamar mai shirin tashi. Suka gaisa. Dakta ya fara da lallami, irin wanda yake wa marasa lafiya.

"Yaya, na ce ko za ka leƙo wurinmu a ɗan duba jininka? Kowa ya kai shekarunka yana yi."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Ba wanda ya ce. Na ga dai ka faɗa."

"Aiki ne." Ya ciji zare. "Kuma na ji irin dubawar da kuke wa mutane a can. Ni da na goya ka, na wanke ka, yau ni zan kwanta maka a gado? Allah ya kiyaye."

"Ba ni zan duba ka ba, abokin aikina ne. Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To ni ban ce zan yi wanka ba." Ya sa ƙafa ya turo wata kwalba daga ƙarƙashin tebur, yana murmushi. "Ga aikinka nan ina sha, safe da yamma. In ban yarda da kai ba, wa zai yarda?"

Nan tura ta kai bango. Haushin shafin intanet, da na farfesoshi, da na lasifika, da tsoron da ke cikinsa, duk suka taso masa lokaci ɗaya. Ya miƙe ya ciro firam ɗin daga ƙusa, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya ɗora a kan keke.

"Ka san abin da aka rubuta a nan? Bari in karanta maka. Tasirin ruwan ganye kaza a kan kumburin furostet a jikin ɓeraye. Ɓeraye, Yaya! Ga kalmar nan, tun ranar da ka rataya take saman kanka. Ban taɓa ba wa mutum ko cokali ɗaya ba. A shafin ƙarshe na ce kada kowa ya sha. Ban gano maganin komai ba! Wancan ɓarawon na kasuwa ruwan banza yake sayar muku, kuma in na kama wanda ya kai masa takardar nan, sai ya gane kurensa."

Yaya ya cire tabarau a hankali. Ya dubi takardar da ke cikin firam ɗin.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ne me?"

"Ni na ba shi. Ɗinki ya kawo, ya gani a bango, ya tambaya. Na ara masa ya je ya yi kwafi." Ya ninke tabaran ya sa a aljihu. "Ranar da ka zo nan kana cewa an sake tsallake ka, ba wanda ke kula da aikinka, ka manta? Na kwana da abin a raina. Na san ba irin wannan kiran sunan suke ƙirgawa ba, ni ba yaro ba ne. Amma na ce in 'yan'uwanka likitoci sun yi maka rowa, ai talakawa ba za su yi ba. Magani yana bango yana shan ƙura, mutane na wahala. Na ce bari ya isa gare su, kai ma ka ji ana kiranka."

Wa Dakta zai kama yanzu? Da wa zai yi faɗan? Ya shirya wa ɓarawo duka, sai ya tarar da mai gida ne ya buɗe ƙofa, kuma don ƙauna.

"Ɓeraye," Yaya ya sake faɗa, can ƙasa-ƙasa. "Mutum nawa na gaya wa a shagon nan." Ya ɗauke firam ɗin ya kife shi a kan teburin yanka, ya gyara aljihun da yake ɗinka, ya ɗora ƙafa a kan keke. "Je ka, Auta. Ina da aiki."

Kwanakin da suka biyo baya Dakta bai buɗe shafin ƙirga ba, har matarsa ta daina tsokana. Ya kira Yaya, ba a ɗauka ba. Ya kira matar Yaya, ta ce mijin ya zubar da kwalaben a kwata, ya cire takardar daga firam, amma maganar asibiti ko uffan. Wato an raba shi da maganin ƙarya, ba a kai shi ga na gaskiya ba. Dakta ya rasa wanda zai ji wa haushi, Yaya da taurin kansa, ko shi da ya zaɓi ya yi ihu a inda ya kamata ya zauna.

Ranar da ake ganin masu ciwon mafitsara, ya fito daga ɗakin tiyata zai wuce ofis, sai ya hango wata riga a kan bencin jira. Ɗinkin ya fara ganewa kafin fuskar. Yaya ne zaune a tsakiyar tsofaffi, da katin asibiti a hannu, ya bi layi kamar kowa. Bai kira ba, bai aiko ba, bai gaya wa nas ko shi wane ne ba. Dakta ya tsaya a bayan ƙofa. Tsohon da ke kusa da Yaya ya zungure shi ya ce, "An ce akwai wani likita a nan mai gemu, hannunsa da kyau. Ka san shi?"

Mutumin da ya yi shekaru ba ya barin baƙo ya fita shagonsa bai ji labarin ƙanensa ba, sai ya dubi katin hannunsa ya ce, "Na taɓa yi masa ɗinki."

Da Yaya ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Dakta ya koma ciki ya jingina da bango. Ya samu abin da yake so, Yaya ya zo, amma sai da ya karɓe masa abin da ya fi alfahari da shi a duniya.

Abokin aikinsa ne ya yi dubawar, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ɗauki ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito, abokin ya same shi a ofis ya ce ciwon ne, amma yana wuri ɗaya, bai bazu ba. "Da ya ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi." Aka sa ranar tiyata, aka yi, aka dace.

Dakta yakan shigo ɗakin jinya da rana in ya samu sarari, ya zauna a kujerar roba kusa da gadon. Ba sa wata hira. Ya duba robar fitsari, ya duba ruwan da ake ƙara masa, ya tambayi abinci, Yaya ya amsa da ka. Sai wata rana, bayan matar Yaya ta fita wanke kwanuka, Yaya ya yi magana yana kallon rufi.

"Duk rubuce-rubucen nan naka, ɓeraye ne?"

"A'a. Waccan ce kaɗai."

"To akwai wadda ta yi maganar mutane?"

"Akwai. Wadda na fi shan wahalarta ma. A kan dattawan da ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa."

"Me ka ce yana hana su?"

"Kunya. Da maganin bakin titi. Da taurin kai."

Yaya ya yi wata 'yar dariya, ɗinkin cikinsa ya ja shi, ya yamutsa fuska. "Wato ni ka rubuta tun ban zo ba. Ita mutum nawa suka karanta?"

"Kusan babu kowa, Yaya."

"Marowata." Ya juyo ya dube shi sosai, karon farko tun ranar shago. "Firam ɗin yana nan babu komai a ciki, ƙusar ma tana nan. Ka kawo mini ita. Tsofaffi na zuwa ɗinki, kuma in tef na wuyansu ba su da inda za su."

Dakta ya gyaɗa kai. Ya miƙe zai fita, Yaya ya riƙo gefen farar rigarsa.

"Auta. Duka shafukan za ka kawo. Kuma kafin in rataya, sai ka zauna ka karanta mini har ƙarshe."